Tankin man ɗumama gida: abin da ke kashe shi da iyakar gyaransa

0. Gabatarwa

A ƙasashen da sanyi ke tsanani, irin su Faransa, Beljiyam, Jamus da Suwizalan, gidaje masu yawa da mai ake ɗumama su, musamman a karkara inda bututun gas bai kai ba. Man yana ajiye cikin wani babban tanki, ko a ɗakin ƙarƙashin gida, ko a bayan gida, ko kuma binne cikin ƙasa. Daga nan wani ɗan pampo yake janyo shi zuwa tukunyar da ke dafa ruwa, ruwan zafin kuma ya zagaya ɗakuna cikin tiyo. Faransawa suna kiran tankin « cuve à fioul », tukunyar kuwa « chaudière ». A wannan takarda muna so mu bayyana yadda tankin nan yake lalacewa, yadda ake kula da shi, da inda gyara yake tsayawa. Za mu tsaya kan Faransa, inda muka ga abin da idonmu, sa'an nan mu ɗan leƙa Beljiyam.

Mai karatu na Maraɗi ko na Damagaram yana iya cewa: ina ruwanmu da tukunyar ɗumi, mu da kaskon garwashi ya ishe mu a tsakiyar hunturu? Dalili biyu ne. Na farko, ɗalibanmu da ƴan'uwanmu da ke haya a waɗancan ƙasashe sukan tarar da tankin nan a gidan da suka sauka, ba tare da kowa ya yi musu bayaninsa ba. Na biyu, man da ke cikinsa ɗan'uwan gazuwal ne na jini, saboda haka ciwon da ke kama tankin Bafaranshe shi ne ke kama tankin gurup ɗin da ke ba asibiti kuran a ƙasarmu. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne: ba mai ke cin tanki ba, ruwa ne, kuma yawanci daga ciki yake cinsa, ta yadda ran da ido ya ga tabo a waje, ɓarnar ta daɗe da gamawa.

1. Sunan man da halinsa

Faransanci yana da kalma biyu. « Fioul » kalmar Ingilishi ce da aka sake wa rubutu don ta dace da bakin Bafaranshe. « Mazout » kuwa daga Rashanci ta zo, ita ce aka fi ji a Beljiyam da Suwizalan. A Hausa kalmar « mai » ta haɗa man gyaɗa, man shanu, man shafawa da man mota, sai an ƙara mata bayani take nuna abu guda. Ba mu ga amfanin aro ba a nan: za mu ce « man ɗumama gida », in magana ta yi tsawo mu ce « mai » kawai.

A matatar mai, daga yanki guda ake fitar da shi da gazuwal, wato ya fi esansi da kananzir nauyi. Ana zuba masa jan launi, ba don wani amfanin ƙonewa ba, sai don harajinsa ya fi na gazuwal sauƙi, kuma hukuma tana so ta gane wanda ya zuba shi a mota. Lita guda tana ba da zafin da ya kai kimanin kilowat-awa 10. Tun ranar 1 ga Janairu 2008 dokar Tarayyar Turai ta rage ƙibiritun da ke cikinsa zuwa kashi 0,1 cikin ɗari.

Halaye uku ne suka shafi zancenmu. Nauyin lita guda wajen giram 850 ne, alhali litar ruwa giram 1000 ce. Ke nan duk ruwan da ya shiga tanki ƙasa yake kwantawa, mai ya rufe shi. Sa'an nan man ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai zafinsa ya wuce digiri 55, abin da ya sa aka yarda a ajiye shi cikin gida, aka hana esansi. A ƙarshe sanyi yana daskarar da kakin da ke narke cikinsa: man gama-gari na Faransa yana iya fara dishewa daga digiri 2, ya toshe mataci wajen digiri 4 ƙarƙashin sifiri, ya ƙi gudu wajen digiri 9 ƙarƙashin sifiri. Wanda tankinsa yake waje yakan sayi wanda aka inganta don jure sanyi.

2. Sassan tankin

Tankin gida yakan ci daga lita 1000 zuwa 3000, wani ya fi haka. Tsofaffin na ƙarfe ne mai bango guda. Na baya-bayan nan na roba ne mai kauri, ko na ƙarfe mai bango biyu, ko roba a ciki ƙarfe a waje. A samansa akwai bakin cikawa, inda mai kawo mai yake ɗaura tiyon motarsa. Akwai bututun numfashi, « évent », wanda yake fita waje: ta nan iska ke fita in ana cikawa, ta nan take shiga in mai yana raguwa. Akwai ma'auni, ko mai agogo ko sanda. Akwai bututun zuƙa, da rariya a bakinsa, « crépine », wadda ake tsayarwa ƴan santimita sama da gindin tanki don kada ta zuƙo laka. Manyan tankuna suna da murfi mai faɗin da mutum zai iya shiga, « trou d'homme ». Mun fassara shi da « ƙofar shiga », don fassarar kalma da kalma ba ta da daɗin ji.

Tsakanin tanki da tukunya akwai makunna da mataci mai kofin gilashi ko na roba mai haske. Wannan kofi shi ne taga guda da mai gida yake da ita a kan abin da ke faruwa cikin tankinsa.

3. Ruwa

A watan Fabrairu 2012, lokacin da wani mugun sanyi ya sauka kan Faransa har kusan mako biyu, muna haya a wani ƙauye kusa da Bezanson, cikin gidan wata tsohuwa da ke zaune a ƙasa, mu a sama. Da dare sanyi yakan wuce digiri 10 ƙarƙashin sifiri. Wata asuba tukunya ta mutu. Tankin ƙarfe ne, yana cikin wata rumfa bayan gida, ma'auni kuma yana nuna fiye da rabi. Muka ɗauka man ne ya daskare. Sai a rana ta uku mai gyara ya samu zuwa, don kowa yana nemansa. Ya kwance mataci ya nuna mana ƙanƙara cikin kofin. Ya shafa wani maƙunshi mai ruwan ƙasa a bakin sanda, ya zura ta har gindin tanki, ya fito da ita: bakin sandar ya koma ja, tsawon yatsu huɗu. Ruwa ke nan, ya taru har ya kai rariya, pampo ya zuƙo shi, ya daskare cikin tiyo. Tsohuwar ta ce tun rasuwar mijinta ba wanda ya buɗe tankin. Da aka hau sama aka duba, robar da ke rufe bakin ma'auni ta tsage, rufin rumfar kuma yana ɗiga daidai kanta.

Tun daga ranar muke tambaya ta ina ruwa yake shiga tankin da aka rufe. Amsar da ake bayarwa kullum ita ce raɓa, « condensation »: iska mai laima ta shiga ta bututun numfashi, ta taɓa bangon ƙarfe mai sanyi, ta yi zufa kamar yadda kwanon ruwan sanyi yake yi a watan Agusta, ɗigon ya gangara ya nutse ƙarƙashin mai. Gaskiya ne, amma ya kamata a yi lissafi kafin a ɗora wa raɓa dukan laifi.

Iskar da ta ƙoshi da laima a digiri 20 tana ɗauke da ruwa kimanin giram 17 a kowace lita 1000. Gidan da ya ƙona lita 2000 a shekara ya shigar da iska lita 2000 a madadin man, wato ruwa giram 34 in duka ya sauka; bai cika ƙaramin kofin shayi ba. Sai numfashin yau da kullum: in zafi ya sauya da digiri 10 tsakanin rana da dare, iskar da ke cikin tanki tana kumbura ta motse da kimanin kashi 3,5 cikin ɗari. In sararin da ba mai ya kai lita 1000, iska lita 35 ke fita ta dawo kowace rana, abin da bai wuce rabin giram da ɗan wani abu na ruwa ba, wato wajen giram 200 a shekara in kowace rana ta zo da mafi munin hali. A ƙara da ruwan da ke narke cikin man kansa, wanda ƙa'idar Faransa ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 200 a kilo, kuma wani sashe nasa yakan rabu ya sauka in man ya yi sanyi. Duka-duka da wuya a kai rabin lita a shekara.

Wannan lissafi namu ne, na alli da allo, amma yana koya abu biyu. In an sami ƴan litoci bayan shekara goma ko ashirin, raɓa ta isa ta bayyana su. In kuwa an sami ruwa mai yawa cikin damina guda, to, a daina zargin iska, a nemi ƙofar da ruwan sama ke bi: murfin da bai rufu ba, robar da ta tsufa, bututun numfashin da hularsa ta faɗi, ramin ƙofar shiga da ya cika da ruwa, ko kuma, ga tankin da ke binne, hujin da ruwan ƙasa ke shigowa ta cikinsa. Na ƙarshen nan shi ne mafi muni, don ƙofar da ruwa ya shigo ta nan mai zai fita.

To, ƴan litocin nan me suke yi? Ƙarfen da mai ya rufe ba ya tsatsa. Man ma kariya ce gare shi. Inda ruwa ya kwanta ne kawai tsatsa ke kamawa, wato a gindi, bisa layin da ya fi ƙasa, da kuma wurin ɗinkin walda. Ruwan kuma ba ya zama shi kaɗai. A kan iyakar da ke tsakaninsa da mai wasu ƙananan halittu suke zama, suna sha daga ƙasa suna ci daga sama. Wadda aka fi sani wani naman gwari ne da masana suka sa wa suna Hormoconis resinae, wanda aka daɗe da saninsa a tankunan kananzir na jiragen sama. Akwai kuma ƙwayoyin da ke zama can ƙarƙashin laka inda ba iska, masu fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Abin da suke kasayarwa mai tsami ne. Ba ya cin ƙarfe bai ɗaya kamar yadda tsatsar kwanon rufi take yi. Yana haƙa ƴan ramuka ne masu zurfi, kamar gara cikin azara. Bango mai kaurin milimita 3 yana iya zama lafiya ko'ina, ban da wuri guda mai faɗin ƙwayar gero inda saura ƙiris ya huje. Fentin waje kuwa yana nan da ƙyallinsa. Sau da yawa ma lakar da kanta ce take toshe hujin, sai ran da aka wanke tankin yoyo ya bayyana, mai gida ya ce masu wanki ne suka fasa masa.

Lakar nan, « boues », haɗin tsatsa ce da gawar ƙwayoyin da kuma ƙullutun da man kansa yake yi in ya daɗe. Ita ce ke toshe mataci da bakin feshin tukunya, wanda raminsa bai kai kan allura ba. Tankin roba ba ya tsatsa, amma laka tana taruwa cikinsa kamar na ƙarfe; nasa ciwon shi ne rana, wadda take busar da robar har ta yi fari ta tsattsage, da kuma zama kan daɓen da bai daidaita ba. Tankin ƙarfe da ke binne kuwa ta fuska biyu ake cinsa, ruwa daga ciki, damshin ƙasa daga waje, duk inda kwaltar da aka shafa masa ta kwaile.

Wani sabon abu ya ƙara wa zancen nauyi. Tun 2022 ake sayar da wani mai a Faransa da ake kira « biofioul F30 », wanda har kashi 30 cikin ɗari nasa daga man tsiron « colza » aka sarrafa shi. Irin wannan mai ya fi riƙe ruwa, ƙwayoyin nan sun fi son sa, kuma yana narkar da tsohuwar dauɗar da ta manne a bango. Wanda zai koma gare shi, wanke tanki ne aikinsa na fari.

4. Kulawa

Mafi yawan aikin kulawa ba ya bukatar gwani. Sau ɗaya a shekara, gwamma kafin sanyi, a zura sanda mai maƙunshin gano ruwa, « pâte détectrice d'eau », har ta taɓa gindi. In an ga ruwa, mai gyara yana zuƙe shi da ɗan pampo ba tare da an kwashe man ba. A duba kofin mataci: in an ga ɗigon ruwa a ƙasansa, ko man ya yi duhu, saƙo ne daga tanki. A shafa hannu ƙarƙashin tankin da wurin ƙafafunsa, a sunsuna. Fentin da ya kumbura, ko wurin da ƙura take mannewa ta yi danshi, alama ce. A tabbata bututun numfashi a buɗe yake. Zanzaro da tsuntsu sukan yi gida cikinsa, kuma motar mai tana turo ɗaruruwan lita a minti guda, in iska ba ta sami hanyar fita ba tankin ne zai kumbura. Wanda tankinsa yake binne, ido ba ya taimakonsa, sai alƙalami: ya rubuta awon man a ƙarshen sanyi, in tukunya a kashe take, ya sake aunawa bayan wata biyu. In ya ragu, yoyo ne. In ya ƙaru, ruwa ne.

Dangance da lokacin cikawa, shawarar da aka saba bayarwa ita ce a cika tanki tun bazara, don sararin iska ya ragu. Lissafin da muka yi a sama ya nuna ribar ba ta kai yadda ake faɗa ba, amma tana nan, kuma bangon da mai ya rufe ba ya zufa. Sai dai ba a cika shi fal. Man yana kumbura da kimanin kashi 0,08 cikin ɗari a kowane digiri; lita 2000 da aka zuba da sanyi, in zafi ya hau da digiri 15, sun ƙaru da wajen lita 25, kuma dole su sami wurin zuwa. Shi ya sa ake barin kimanin kashi 5 cikin ɗari, kuma ake sa na'urar da ke tsayar da cikawa, ko usur a bututun numfashi wanda yake kuka muddin iska na fita, ya yi shiru in mai ya iso.

Ranar da aka kawo mai, a kashe tukunya kafin a fara zubawa, a bar ta a kashe awa biyu ko fiye. Zubin yana motsa laka kamar yadda guga take gurɓata rijiyar da ta kusa ƙafewa. Mafi yawan mutuwar tukunya washegarin cikawa daga nan take. Haka kuma kada a bari man ya ƙare ƙaf.

Wanke ciki kuwa aikin ƙwararru ne, kuma masu sana'ar sukan ba da shawarar a yi shi kamar kowace shekara goma. Suna zuƙe man mai kyau su ajiye gefe, su kwashe laka, su fitar da tururi, su wanke bangon, su duba shi da fitila, wani lokaci su auna kaurin ƙarfen da na'urar sauti, sa'an nan su tace man su mayar. Lakar ba a zubar da ita ko'ina, sai wurin da aka yarda, kuma ana ba mai gida takardar shaida. Ya adana ta, don kamfanin inshora yana iya nemanta. Ga ɗan haya: dokar Faransa ta 2009 ta wajabta duba tukunya kowace shekara, kuma yawanci wanda ke zaune cikin gidan ne yake kiran mai duba; to amma mai duba tukunya ba dole ne ya leƙa tanki ba sai an roƙe shi. Canza tankin da ya tsufa kuwa yana kan mai gida.

5. Gyara

Abin da ke gyaruwa cikin sauƙi shi ne na kewaye: roba, makunna, ma'auni, tiyo, tsatsar waje da ake kankarewa a sake fenti. Jikin tankin kansa wani zance ne.

In ƙarfen yana da sauran ƙarfi, hanya biyu aka fi bi. Ta farko, bayan an wanke an kankare, a shafe cikin da wani ƙaro mai daskarewa haɗe da zaren gilashi, sai ya zama tanki cikin tanki. Ita ce « stratification ». Ta biyu, a zura wata jakar roba mai taushi da aka ɗinka daidai da cikin tankin, a zuƙe iskar da ke tsakaninta da bango, a haɗa da na'urar da za ta yi ƙara in iska ta shiga tsakanin. Da haka tanki mai bango guda ya zama mai biyu. Ga na binne, ana iya rage cin da ƙasa take yi masa ta hanyar binne wani ƙarfe mai suna maganiziyom kusa da shi, a haɗa su da waya, tsatsa ta ci wancan ta bar wannan. Wannan kariya ce, ba ta mayar da abin da ya riga ya tafi.

Ra'ayinmu a nan shi ne: tankin ƙarfe da ya huje wuri guda daga ciki, da wuya a ce wurin kaɗai ne. Ruwan da ya ci nan ya kwanta bisa dukan layin gindi. Faci daga waje, ko da wane irin manne aka yi shi, sayen ƴan kwanaki ne kafin a kwashe man. Tankin robar da rana ta tsattsaga shi ma ba shi da gyaran da za a dogara da shi. In ana cikin gaggawa, akan goga sabulun wanka mai tauri cikin tsagar, don mai ba ya narkar da sabulu, a ajiye bokiti ƙasa, a zuba rairayi kewaye, a rufe makunna, a hana man bin magudanar ruwa. In ya kai ƙasa ko rafi, sai a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 ko 112, a sanar da inshora da ma'aikatar magajin gari.

Sai zancen walda, wanda a nan ne rai yake shiga. Mun ce man ba ya kama wuta ƙasa da digiri 55, kuma wannan ya sa mutane suke raina shi. Amma harshen walda yana kai ƙarfe fiye da digiri dubu. Ɗan man da ya rage a bango da cikin laka yana zama tururi nan take, ya gauraya da iskar da ta cika tankin, ga wuta a gefe, ga ƙofa a rufe. Tankin da « ba kome ciki » ya fi cikakke haɗari. Saboda haka ba a kusantar da wuta ko injin yanka sai an wanke, an fitar da tururi, « dégazage », an auna iskar ciki da na'ura, kuma shaidar awon ba ta daɗewa, don ƙarfe yana ci gaba da fitar da abin da ya sha. Haka ma shiga ciki: iskar numfashi tana iya ƙaranci, mutum ya faɗi ba tare da ya ji kome ba, shi ya sa ba a shiga sai da abin rufe fuska da wani tsaye a bakin ƙofa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu walda da ke yanka tano a kasuwanninmu ya san wannan sakin layi ba na Turawa kaɗai ba ne.

6. Doka, da ƙarshen tanki

A Faransa ƙudurin ranar 1 ga Yuli 2004 ne ya tsara ajiyar mai a gidaje. Ya ce tankin da ke sarari, in mai bango guda ne, sai an zaunar da shi cikin kwarmin da ba ya yoyo, wanda zai iya ɗauke duk abin da ke cikin tankin. In ajiyar cikin gida ta wuce lita 2500, sai an ware mata ɗaki nata. Beljiyam ta fi tsanantawa wajen bincike. A yankin Waloni, tankin da ya kai lita 3000 sai an sanar da hukuma, gwani ya gwada shi ya liƙa masa alama: kore, lafiya lau, ruwan lemo, a gyara cikin wa'adi, ja, an hana a zuba masa mai. Dalilin tsananin a fili yake: man da ya shiga ƙasa sai an haƙe ƙasar an kwashe, wani lokaci har ƙarƙashin ginin, kuma kuɗin yakan ninka na sabon tanki sau da yawa. A 2022 Beljiyam ta buɗe wani asusu mai suna Promaz don taimaka wa masu gidajen da wannan ya faɗa wa.

Tun ranar 1 ga Yuli 2022 Faransa ta hana kafa sabuwar tukunyar da ke ƙona man gama-gari, ban da ƴan wurare da aka keɓe; wadda take aiki kuwa an yarda a ci gaba da gyaranta. Ke nan tankuna da yawa suna barin aiki, kuma ƙudurin 2004 bai yarda a bar su haka nan ba. Sai an kwashe, an wanke, an fitar da tururi, sa'an nan ko a cire tankin, ko a cika shi da abu mai tauri kamar rairayi ko kankare, don kada wata rana ya rufta da wanda ke tafiya bisansa.

A Nijar, inda matatar SORAZ ta Damagaram take fitar da gazuwal tun 2011, tankunan da ke bayan asibitoci, gidajen rediyo da injinan niƙa ba su san daskarewa ba. Amma laimar damina ta fi ta Bezanson, zafi yana hanzarta ƙwayoyin laka, iskar hunturu tana cusa ƙura ta bututun numfashi, kuma man gurup yakan yi watanni a kwance yana jiran ranar da kuran zai ɗauke. Sanda da maƙunshin gano ruwa, sau ɗaya a ƙarshen damina, su ne gwajin da ya fi araha. Inda maƙunshin bai samu ba, a ɗebo man gindin tanki cikin kwalba mai haske, a ajiye ta awa guda, a duba ƙasanta.